RAHOTON MUSAMMAN: Gajiyar da barci ba ya kore ta, da yadda wani ma'aikaci Kirista a Gombe ya farfaɗo

A unguwar Tumfure da ke gefen birnin Gombe, akwai wani ma'aikacin Gwamnatin Tarayya da ya shafe kusan wata uku yana yin wani abu da shi kansa ya kasa faɗin dalilinsa. Kullum da safe zai yi wanka, ya shirya tsaf, ya tuƙa tsohuwar motarsa har harabar ofis, ya kashe ta, sannan ya zauna ciki kamar wanda aka ɗaure. Wata rana minti 20, wata rana har 40, hannuwansa na kan sitiyari, idonsa na kan masu shiga da fita. Ba barci yake yi ba, ba kuma addu'a ba. Ƙafarsa ce kawai ke ƙin taka ƙasa.

Mutumin nan kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Da yardarsa nake ba da labarinsa, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunansa ko na ma'aikatarsa ba. Ya yi shekara 24 yana aikin gwamnati, yana mataki na 13, kuma a wancan lokacin shi ne magatakardan ikilisiyarsu, yana cikin ƙungiyar mawaƙa, yana kuma cikin kwamitin ginin sabuwar majami'a. A danginmu shi ne wanda ake kira idan yaro ya ci jarrabawa babu kuɗin rajista, ko idan an kwantar da wani a asibiti. Ba a taɓa jin ya ce a'a ba, kuma da wannan ake yabonsa.

Matarsa ce ta fara lura. Ta ce mini abin da ya tayar mata da hankali ba yawan shirunsa ba ne, domin dama shi ba mai surutu ba ne. Waƙa ce ya daina. Mutumin da ke rera waƙoƙin sujada yana wanke mota, yana aski, yana gyaran janareto, sai ga shi ranar Lahadi yana tsaye cikin mawaƙa leɓɓansa na motsi, babu muryar da ke fita.

Abin da likitoci ke kiran wannan hali

Hausa na da kalmomi da dama na gajiya. Akwai gajiya liƙis ta wanda ya wuni a gona, wadda tuwo da barci ke korewa. Akwai sanyin gwiwa, akwai karayar zuciya, akwai kuma mutuwar jiki, wato a ce jikin mutum ya mutu game da abin da a da yake rawar jiki a kansa. Abin da ya sami Kawu ya haɗa dukkansu, Turawa kuma suna kiransa burnout, suna kwatanta mutum da fitilar da ta ci lagwaninta har ta mutu.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a birnin New York na Amurka, Herbert Freudenberger, shi ne ya fito da kalmar fili a wani rubutu da ya yi a 1974, bayan ya ga yadda masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta ke fara aiki da zumuɗi, kafin a daɗe kuma su zama kamar kwalabe marasa komai a ciki. Abin da ya lura da shi, wanda ya kamata kowane shugaban ma'aikata ya sani, shi ne cewa ba malalata abin ke kamawa ba. Masu ƙwazo ne, waɗanda suka ɗauki aikin da muhimmanci fiye da kima.

A watan Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali a kundinta na 11 na rarrabe cututtuka. Ba ta kira shi cuta ba. Ta ce yanayi ne da ke tasowa daga matsin wurin aiki wanda ya daɗe ba a shawo kansa ba, ta kuma ba shi alamomi uku: ƙarewar kuzari, nesanta zuciya daga aikin har mutum ya riƙa kallonsa da ƙyama ko halin ko-in-kula, da raguwar ingancin abin da hannunsa ke yi. Alama ta biyu ce ta fi ban tsoro a aikin gwamnati, domin ita ce ke mayar da ma'aikacin kirki ya zama wanda ke ce wa tsohon da ya zo daga Nafaɗa ko Balanga da takardarsa, "je ka dawo gobe," ba tare da ya ɗaga kai ya dube shi ba. Kawu ya ce ranar da ya ji wannan magana ta fito daga bakinsa, ya ji kamar wani ne ya faɗa.

Masu karanta mu a Abuja za su iya cewa ai ma'aikacin Gombe a aljanna yake, tunda bai san cunkoson Nyanya da Mararaba ba, ba ya kuma tashi ƙarfe huɗu na asuba don ya isa sakatariya. Gaskiya ne, amma kowane gari da irin nasa nauyin. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Gombe daga tsohuwar Bauchi ranar 1 ga Oktoban 1996, birnin ke kumbura. Rikicin Boko Haram ya turo dubban mutane daga Borno da Yobe, kuɗin haya ya tashi, birnin kansa kuma ya sha hare-haren bam a 2014 da 2015. Akwai manyan cibiyoyin tarayya a jihar, irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha, da Jami'ar Tarayya ta Kashere da aka kafa a 2011, da ofisoshin hukumomi birjik. Wanda ke karɓar albashin tarayya a irin wannan gari, a idon danginsa na ƙauye attajiri ne. Kuma ƙauyen ba shi da nisa. Daga Gombe zuwa Billiri ko Kaltungo tafiya ce da ake yi a dawo a wuni guda, saboda haka bukatar dangi ba ta tsayawa a waya, ƙofar gida take ƙwanƙwasawa.

Sai kuma aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, amma kasuwa ta riga albashin gudu. A sashen Kawu mutum uku sun yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, aikinsu ya dawo kan teburinsa, kuma shekara huɗu a jere ana ce masa ya ɗage hutunsa sai abubuwa sun lafa. Ba su lafa ba.

Inda majami'a ke ƙara wa kaya nauyi

A nan dole a faɗi abin da ba kowane mai bi ke son ji ba. Ga Kiristan da ya himmatu, mako ba shi da ranar hutu. Litinin taron kwamiti, Talata koyon waƙa, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis nazarin Littafi Mai Tsarki, Juma'a addu'ar dare, Asabar biki ko jana'iza ko fita bishara, Lahadi kuma tun sassafe har la'asar, idan an haɗa da taron dattawa bayan sujada. Mata suna da Zumuntar Mata a kan wannan duka, bayan girki da reno da nasu aikin ofis. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abu ne mai kyau. Tarinsu a kan mutum guda ne ke kashe jiki, kuma ikilisiya, kamar ofis, ta san wanda ba ya iya cewa a'a.

Da Kawu ya ɗan ɓullo da maganar ga wasu 'yan'uwa masu bi, amsoshin da ya samu iri biyu ne. Wasu suka ce bangaskiyarsa ce ta yi sanyi, ya ƙara himma. Wasu suka ce hari ne na maƙiya daga wurin aiki, suka ba shi shawarar azumin kwana bakwai. Ya yi azumin. Ya fito daga cikinsa da jiri da ciwon kai, da kuma sabon nauyi a zuciya, wato tunanin cewa ya yi abin da aka ce amma Allah bai amsa ba, ke nan laifin nasa ne. Ba na shakkar kyakkyawar niyyar masu shawarar. Amma wanda ya ga jaki ya durƙusa da kaya, ya ce maganinsa a ƙara masa buhu, bai taimaki jakin ba ko da da zuciya ɗaya ya faɗa.

Wanda ya sauya al'amarin wani tsohon fasto ne da ya yi ritaya, mutumin ƙasar Tangale, wanda kowa ke kira Baba. Matar Kawu ce ta kai shi wurinsa, kusan da jan hannu. Kawu ya shirya jin wa'azi, sai tsohon ya tambaye shi abin da ya ci tun safe, da ƙarfe nawa ya kwanta jiya, da yaushe rabonsa da zuwa gona. Da ya ji amsoshin, ya sa aka kawo kunun gyaɗa, ya ce, "Ɗana, sha tukuna. Maganar Allah ba za ta gudu ba."

Bayan ya sha ne Baba ya tuna masa da labarin Annabi Iliya a sura ta 19 ta littafin Sarakuna na Fari, labarin da Kawu ya sha koyar da yara a makarantar Lahadi amma bai taɓa ganin kansa a ciki ba. Iliya ya fito ne daga babbar nasarar rayuwarsa a Dutsen Karmel, inda ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450. Sai saƙon barazana guda daga sarauniya Yezebel ya karya shi. Ya gudu zuwa Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya nausa jeji tafiyar yini guda, ya zauna a gindin wani ɗan itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Abin da Baba ya daɗe a kansa shi ne irin amsar da aka ba shi. Ba a tsawata masa ba, ba a kuma tuhumi bangaskiyarsa ba. An bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, ya sake kwanciya, aka sake tashinsa ya ci. Sai bayan abinci sau biyu da barci sau biyu, da doguwar tafiya zuwa Horeb, aka fara yi masa magana, ita ma ba cikin guguwa ko girgizar ƙasa ko wuta ba, cikin wata siririyar murya. Aka gyara masa lissafinsa na cewa shi kaɗai ya rage, aka shaida masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Daga ƙarshe aka aike shi ya naɗa Elisha, wanda ya zama hadiminsa kuma magajinsa.

Baba ya ce masa tsarin nan ba kuskure ba ne: abinci, barci, shiru, gyaran tunani, sannan mataimaki. Wanda ya fara daga ƙarshe ya koma farko zai sha wahala.

Wannan fahimta ba baƙuwa ba ce a tarihin ikilisiyoyin yankin. Ikilisiyar ECWA, wadda ke da ƙarfi sosai a kudancin Gombe, ta samo asali ne daga mishan ɗin SIM. Mutum uku ne suka fara zuwa a 1893: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Biyun farko sun rasu a shekarar da ta biyo baya, Bingham kuma ya koma gida da zazzaɓi a jikinsa. Mishan ɗin ya koyi darasi da gawarwakin mutanensa, shi ya sa fiye da shekara 100 da suka wuce ya gina gidan hutu a Miango kusa da Jos, domin ma'aikatansa su riƙa barin fagen aiki su huta a sanyin Filato. Waɗanda suka kai bishara Kaltungo a 1917 sun fito ne daga ƙungiyar da ta ɗauki hutu a matsayin wani ɓangare na aiki. Jikokinsu a bangaskiya sun gaji waƙoƙin da tsarin kwamitoci, amma da alama wannan gadon ya zube a hanya.

Tun kafin su ma, sufayen Kirista na hamadar Masar sun san halin. Evagrius, wanda ya rasu a shekara ta 399, ya yi bayanin wata kasala da ke afka wa sufi da tsakar rana, har ya riƙa leƙen taga yana ganin kamar rana ta tsaya cak, ya tsani ɗakinsa da aikin hannunsa da 'yan'uwansa. Duk wanda ya taɓa zama a ofis da ƙarfe biyu na rana a zafin watan Afrilu na Gombe, babu wuta, fanka a tsaye, ya san wannan taga.

Ga hadimai, da waɗanda suke yi wa hidima

Akwai rukunin masu karanta mu da lamarin ya fi shafa, wato hadiman ministoci da 'yan majalisa da shugabannin hukumomi. Ma'aikacin ofis aƙalla yana da lokacin tashi a rubuce. Hadimi ba shi da shi. Wayarsa ba ta mutuwa, ranar Lahadinsa ta maigidansa ce, kuma ya san kujerarsa na rataye ne da ta wani. Tsoron kada a ga gazawarsa shi ke hana shi faɗin ya gaji.

Littafi Mai Tsarki ya yi magana a kan wannan, amma da shugabanni yake yi. A sura ta 18 ta littafin Fitowa, Yetro surukin Musa ya ga Musa na zaune yana shari'a tun safe har yamma, jama'a na tsaye kewaye da shi. Ya gaya masa kai tsaye cewa abin da yake yi ba daidai ba ne, zai gajiyar da kansa ya gajiyar da mutanen, ya kuma ba shi shawarar naɗa shugabanni a kan dubu-dubu, da ɗari-ɗari, da hamsin-hamsin, da goma-goma. Darasin shi ne shugaban da ya ƙi raba aiki ba kansa kaɗai yake cuta ba, layin da ke ƙofarsa ma yana cutuwa. Dokar ranar hutu kuma, yadda ta zo a sura ta 5 ta Maimaitawar Shari'a, ba ta tsaya kan maigida ba. Ta haɗa da 'ya'yansa, da barorinsa maza da mata, da sansa da jakinsa, da baƙon da ke gidansa, ta kuma ɗaura dalilin a kan tunawa da bautar Masar. Babban jami'in da ke zama a sahun gaba a majami'a, alhali direbansa na cikin mota a rana tun asuba kuma bai ga iyalinsa ba tun Litinin, ya kamata ya sake karanta wannan sura a tsanake.

Shi ya sa nake ɗari-ɗari da wa'azin da ke ce wa gajiyayye ya yi haƙuri kawai. Haƙuri halin kirki ne, amma ba ya cike gurbin mutum uku da suka yi ritaya. Dokokin aikin gwamnati sun ba ma'aikaci daga mataki na 7 zuwa sama hutun kwana 30 a shekara. Haƙƙi ne, ba alfarma ba. Mai bi da ya nemi hutunsa a rubuce bai yi rashin tawali'u ba. A sura ta 6 ta Bisharar Markus, Yesu da kansa ya janye almajiransa zuwa wurin da ba kowa domin su huta, a daidai lokacin da jama'a ke tururuwa har ba su da sukunin cin abinci. Bukata ba ta ƙare ba a lokacin da ya janye su. Ba ta taɓa ƙarewa.

Abu na ƙarshe da Baba ya yi shi ne wanda na fi girmama shi a kai. Ya ce wa Kawu ya je asibiti, ya ce shi fasto ne, ba likita ba. A can aka gano jininsa ya hau sosai, aka ɗora shi a kan magani, likitan kuma ya yi masa tambayoyi game da barcinsa da tunaninsa domin ya tabbatar ko abin ya zarce gajiya ya zama ciwon damuwa mai tsanani. Bambancin na da muhimmanci. Gajiyar aiki takan sassauta idan aka nisanci aikin. Ciwon damuwa yana bin mutum har gado da gona, yana kuma bukatar kulawar ƙwararru. Wanda ya kai ga tunanin da Iliya ya yi a gindin itace, wato gara mutuwa, kada a tsaya da shi a ɗakin addu'a kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Najeriya ta samu sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ke kallon mai irin wannan lalura a matsayin mahaukaci. Doka ta sauya, amma kunyar zuwa ganin likitan ƙwaƙwalwa na nan daram, a majami'a da masallaci baki ɗaya.

Kawu ya ajiye muƙamin magatakarda a taron dattawa na gaba. Wasu sun ji haushi, wani ma ya ce masa wanda ya kama garma ba ya waiwaye. Wani matashi malamin makaranta ya karɓi littafin, kuma, abin da ya ba Kawu dariya da ɗan ciwon rai, ikilisiya ba ta rushe ba. A ofis ya rubuta takardar neman hutu karo na biyar, wannan karon da takardar likita a manne. Abokin aikinsa, wani Alhaji da suka yi shekara 15 a ɗaki ɗaya, shi ne ya shiga wurin shugabansu ya ce zai riƙe teburin, ya kuma ce wa Kawu idan ya kuskura ya kira shi a kan maganar fayil ba zai ɗauka ba.

Ya yi kwana 30 ɗin a ƙauyensu da ke ƙasar Kaltungo, a farkon damina. Ya ce makon farko barci kawai ya yi, har mahaifiyarsa ta fara zargin ko an yi masa wani abu. A mako na biyu ya bi ƙaninsa gona shukar gyaɗa da masara. Addu'arsa, in ji shi, ta koma gajera ƙwarai, wani lokaci ma zama kawai yake yi a kan dutse da yamma da Zabura a hannu ba tare da ya buɗe ba. Da na ce masa ai Hausawa sun ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi, sai ya ce shi nasa goron ya kusa zama dutse kafin a tuna da shi.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Albashinsa na nan yadda yake, bashin ƙungiyar adashen ma'aikata na nan ana cira duk wata, guraben mutum ukun nan har yau ba a cike su ba, kuma yana shan maganin hawan jini kullum da safe. Akwai ranakun da har yanzu yake ɗan jinkiri a cikin mota. Abin da ya sauya shi ne yana kashe wayarsa ƙarfe tara na dare, ya zaɓi taro biyu kacal a mako a majami'a, ya kuma koyi ce wa dangi "ba ni da shi a wannan watan" ba tare da ya kwana yana juyi ba.

Da na je Gombe bikin Kirsimetin da ya wuce, na same shi da sassafe a tsakar gida da bokiti da soso yana wanke motar. Matarsa na bakin murhu, ta yi mini alama da ido in yi shiru in saurara. A hankali yake yi, muryar ta ɗan dushe, amma waƙa ce. Takardar neman hutunsa ta bana kuwa tana kan teburin shugabansu tun watan Fabrairu, ba a sa mata hannu ba tukuna.